Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Jami'o'in Arewa, NUC Da TETFund Kan Watsi Da Binciken Halayyar Jama'a

Zuwa ga Shugabannin Jami'o'in Arewacin Najeriya da Majalisun Dattawansu,
Babban Sakataren Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC,
Babban Sakataren Asusun Tallafa wa Manyan Makarantu, TETFund.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina yi muku ban gajiya da ɗawainiyar shugabanci. Allah ya taya ku riƙo, ya sa ku gama lafiya.

Ranku ya daɗe, ni malami ne a tsangayar ilimi ta ɗaya daga cikin jami'o'inku. Na rubuto ne da yawun wasu ƙananan malamai da ɗaliban digiri na biyu da na uku waɗanda suka zaɓi nazarin halayyar ɗan Adam a cikin jama'a. Wannan shi ne reshen ilimin halayya da ke binciken yadda zama da mutane yake juya tunanin mutum da aikinsa: me ke sa jita-jita ta fi sanarwar hukuma gudu, me ke sa mai hankali ya bi ayarin masu jifa, wa ake yarda da maganarsa kuma don me, yaya ƙiyayya tsakanin ɓangarori take tsiro, yaya kuma take lafawa. Abin da ya bambanta shi da wa'azi ko sharhin jarida shi ne gwaji. Ana raba mutane rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, a yi wa wannan abu, a bar wancan, sannan a auna bambancin da aka samu.

A Disamban 2022 NUC ta ƙaddamar da sabuwar manhajar jami'o'i, ta tsara kashi 70 cikin 100, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cika da abin da ya dace da yankinta. Mun yi murna, mun zaci ranarmu ta zo. A iya manhajojin da suka zo hannunmu daga jami'o'in ƙasar Hausa da Barno, fannin nan yana nan inda aka bar shi. Dalilin wasiƙar ke nan.

Kukanmu na farko shi ne fannin ba shi da gidan kansa. Tun 1964 Jami'ar Najeriya da ke Nsukka ta buɗe sashen ilimin halayyar ɗan Adam na farko a ƙasar nan, shekara sittin ke nan da ɗoriya. A Arewa akwai irin wannan sashe a Jos da Makurɗi da Keffi da Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna. Amma da mutum ya nausa Arewa maso Yamma da Arewa maso Gabas, sai ya tarar a yawancin jami'o'inmu fannin yana raɓe ne a tsangayar ilimi ko a sashen nazarin zamantakewa, kwas ɗaya ko biyu, da ake ɗora wa duk malamin da jadawalinsa ya yi sauƙi a zangon. Ba raina halayyar koyo da koyarwa nake yi ba, da ita nake ci. Amma ita aji da ɗalibi ta sa a gaba, ba kasuwa da unguwa da sansanin 'yan gudun hijira ba. Ɗalibin da yake son digiri na uku a wannan fanni, ko dai ya tafi Kudu, ko ya nemi hanyar waje, ko ya haƙura ya canza layi. Na ukun ya fi yawa.

Kuka na biyu ya fi ciwo. Binciken da ya kamata mu yi a kan kanmu ana yin sa, amma daga waje ake zuwa a yi.

A 2014 wasu masu bincike biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, suka shiga Kaduna, garin da rikice-rikicen 2000 da 2002 da 2011 suka raba gida biyu, Musulmi akasari a arewacin kogi, Kirista a kudancinsa. Suka ɗauki samari 849 daga unguwannin talakawa. Da ƙuri'a aka tura wasu koyon kwamfuta na mako 16, aka bar wasu ba horo. Cikin masu horon, wasu aka haɗa su aji ɗaya Musulmi da Kirista, wasu kuma ajinsu 'yan addini ɗaya ne zalla. Abin da suke son gwadawa tsohon ra'ayi ne da Gordon Allport ya kawo tun 1954, cewa cuɗanya tsakanin ɓangarorin da ba sa ga maciji tana rage ƙyamar juna.

Sakamakon da suka buga a 2018 bai zo yadda masu shirya tarukan zaman lafiya za su so ba. Bayan wata huɗu ana zama benci ɗaya, abin da kowa yake ɗauka game da ɗaya ɓangaren bai motsa ba. To amma da aka ba su kuɗi na gaske su raba da wani, 'yan ajin gauraye sun fi 'yan ajin zalla yin adalci ga wanda ba addininsu ɗaya ba. Da aka bi diddigi sai aka ga daga ajin zallar bambancin ya taso: zaman da suka yi su ya su ya ƙara musu fifita nasu, har fiye da samarin da ba su shiga horon ba sam.

Ranku ya daɗe, ku dubi abin da wannan ke faɗa mana. Idan mako 16 bai sauya abin da ke zuciya ba, ina ga taron kwana biyu a otel, a ci shinkafa, a ɗauki hoto, a raba kuɗin mota? Sannan duk shirin koyon sana'a ko makarantar da muka ware wa 'yan ɓangare ɗaya, da kyakkyawar niyya muka yi, amma mai yiwuwa muna ƙara tsayin katangar ne ba mu sani ba. Wannan bincike ɗaya ne, a gari ɗaya, a kan samari maza kaɗai. Ya kamata a ce zuwa yanzu an maimaita shi a Jos da Tafawa Ɓalewa da Wukari, an gwada shi da 'yan mata, an gwada shi tsakanin manoma da makiyaya, an kuma koma wa waɗancan samari bayan shekara biyar a ga ko abin ya ɗore. Wa zai yi? Masu binciken sun koma jami'o'insu, mu kuma da muke kwana muna tashi a nan ba a horar da mu ba.

Haka aka yi a Maiduguri. Tun 2016 gwamnatin tarayya take gudanar da shirin Operation Safe Corridor na gyara tunanin tubabbun mayaƙan Boko Haram, da sansaninsa a Malam Sidi ta jihar Gombe, kuma bayan mutuwar shugaban ƙungiyar, Abubakar Shekau, a 2021 dubun-dubatar mutane suka miƙa wuya a Barno. Tambayar da ke bakin kowa ita ce ko jama'a za su karɓi tubabbun. Wata tawaga da Graeme Blair da Rebecca Littman suke ciki, tare da wasu 'yan Najeriya, ta gwada abu ɗaya: aka sa wa wasu mazauna garin muryar wani malamin addini da ake girmamawa yana magana a kan yafiya, wasu kuma aka sa musu wani saƙo da bai shafi batun ba. A rahoton da aka buga a 2021, waɗanda suka ji malamin sun fi nuna amincewa da dawowar tsohon mayaƙi da kusan kashi 10 cikin 100, kuma sun fi zaton maƙwabtansu ma za su amince. Aiki ne mai kyau. Amma amsa tambaya a gaban mai bincike daban, ba wa mutum hayar shago ko auren 'yarka daban. Gano wannan tazara sai wanda zai zauna a garin shekara da shekaru, yana jin Kanuri da Hausa, yana zuwa suna da jana'iza. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma abin ba yau ya fara ba. A 1966 Robert LeVine ya buga littafinsa Dreams and Deeds, inda ya tattara mafarkai da rubuce-rubucen 'yan makarantar sakandare maza, Ibo da Yarabawa da Hausawa, don auna ƙwazon neman ɗaukaka. Ya sa Ibo a sama, Hausawa a ƙasa, ya ce namu yaran sun fi karkata ga biyayya. Ko an yarda da shi ko ba a yarda ba, wannan hukunci ya shiga littattafai, ya zama abin kafa hujja a muhawarar ƙabilanci. Jin haushi ba ya rushe bincike. Bincike ne yake rushe bincike, da ma'aunin da ya san cewa yaron da ya tashi a gidan fatake a Kano yana iya bayyana burinsa ta hanyar da ba ta yi kama da ta ɗan Amurka ba.

Kuka na uku shi ne farashin da aka riga aka biya. A 2003 aka dakatar da allurar rigakafin shan inna a Kano da Zamfara da Kaduna saboda raɗe-raɗin cewa an sa mata maganin hana haihuwa. Kano ba ta dawo ba sai a Yulin 2004, kuma kafin ƙura ta lafa cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Masana magunguna sun yi nasu, sun gwada allurar sun ce lafiyarta lau, amma matsalar ba a cikin kwalba take ba. Mutanen da suka ga abin da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara ya bari a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, ba wauta ce ta sa su tambaya ba. Uwar da ta je asibiti da ɗa mai zazzaɓi aka ce ta sayo magani, sannan ta ga ana bin ta har ɗaki da ɗigo kyauta, tana da dalilin yin zargi. Kuma a lura da abin da ya kwance ƙullin: an kawo allurar daga Indonesiya, ƙasar Musulmi, an kuma jawo sarakuna da malamai cikin aikin. Wato maganar duka a kan wanda ya kawo saƙon ce da yardar da ake yi masa. Wannan shi ne tsakiyar fanninmu. Mun koyi darasin da ƙafafun yara, alhali da akwai masu auna zuciyar jama'a tun kafin a fito da akwatunan ƙanƙara na rigakafin, da an hango shi da wuri. Da korona ta zo a 2020 sai muka sake jin irin waɗancan maganganu, kamar ba a taɓa yi ba.

Ga kuma ɗaukar doka a hannu: ɗalibai huɗu a Aluu a 2012, ɗaliba a Sakkwato a 2022, mafarauta 16 a Uromi a 2025. Kowane karo sai a yi Allah wadai, a kafa kwamiti. Yadda taro yake rikiɗewa cikin mintuna, wa ke fara ihu, maganar wa ke iya tsayar da shi, duk abubuwa ne da ake nazari a kimiyyance.

Kuka na huɗu a kanmu malamai yake, amma gyaransa yana hannunku. Ɗan abin da muke koyarwa ma ya tsufa. Muna karanta wa ɗalibai gwajin Solomon Asch na 1951 kan bin ra'ayin taro, da na Stanley Milgram a Jami'ar Yale inda mutum 26 cikin 40 suka bi umarnin jona wa wani mutum lantarki har ƙarshen ma'auni, ba su san na bogi ba ne, da gidan yarin gwaji da Philip Zimbardo ya ƙirƙira a Jami'ar Stanford a 1971, inda ya raba ɗalibai zuwa masu gadi da fursunoni, kamar dai karatun ya tsaya a nan. Alhali fannin ya sha girgiza. A 2015 wata babbar tawaga ta sake gudanar da bincike 100 da manyan mujallu suka buga, kashi 36 kacal suka ba da sakamako irin na farko, kuma a ɓangaren halayyar jama'a abin bai wuce kusan ɗaya cikin huɗu ba. Faya-fayan Stanford da aka tono daga baya sun nuna an zuga masu gadin ne su yi tsanani. Labarin Kitty Genovese, wadda aka ce mutum 38 suna kallo aka kashe ta a New York a 1964 ba wanda ya motsa, ya tabbata jarida ta yi masa ƙari. Da aka duba hotunan kyamarorin titi na faɗace-faɗace 219 a Ingila da Holan da Afirka ta Kudu, sai aka ga a tara cikin goma akwai wanda ya shiga tsakani. Ɗalibanmu har yau tsohon labarin suke haddacewa su rubuta a jarrabawa, mu ba su maki.

Akwai kuma abin da ya fi wannan shafar mu. A 2010 Joseph Henrich da abokan aikinsa suka ja hankalin duniya cewa kashi 96 cikin 100 na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun fannin daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 na mutanen duniya ba, kuma kashi 68 daga Amurka kaɗai. Da yawansu ɗaliban jami'a ne. To abin da littafi ya kira halin ɗan Adam, sau da yawa halin ɗan aji ɗaya ne a wata jami'ar Amurka. Mutumin da ya tashi a gidan gandu, wanda kunya da zumunci da girmama na gaba suke tafiyar da rayuwarsa, ba ya cikin lissafin. Wannan giɓi ne, amma dama ce kuma: duniya tana neman bayanai daga wurare irin namu ruwa a jallo, kuma jami'ar da ta shirya za ta samu abokan aiki da kuɗin bincike ba tare da roƙo ba.

Na biyar, yadda muke horar da masu bincike. Wata ɗalibata ta kawo shawarar gwada hanyoyi biyu na yi wa iyaye mata bayanin rigakafi a asibitocin sha-ka-tafi, ta raba asibitocin da ƙuri'a, ta ƙirga waɗanda suka dawo allura ta gaba. A zaman kare shawarar aka ce mata wannan wahala ce, ta je ta raba takardun tambayoyi na "na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba", ta sa wa kundin take mai "matsaloli da mafita" kamar kowa. Ta bi, don tana son ta gama. Takardun da Turanci aka rubuta su, matan da aka tambaya kuwa yawancinsu ba sa karanta shi, sai mai rabawa ya fassara a tsaye yadda ya ga dama. Kundin yana kan kanta yanzu, ba wanda zai iya gina komai a kansa. Ban ga laifin dattawan da suka zauna a kwamitin ba, abin da aka koya musu ke nan. Tsarin ƙarin girma ma yawan takardu yake ƙirgawa, don haka wanda ya ɓata shekara uku a gwaji ɗaya mai inganci zai ga sa'o'insa sun wuce shi da muƙala goma da ba mai karantawa.

Saboda haka, ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ga shugabannin jami'o'i da majalisun dattawa: a samu aƙalla jami'a biyu a Arewa maso Yamma da ɗaya a Arewa maso Gabas da za su kafa cikakken sashen ilimin halayyar ɗan Adam, da halayyar jama'a a matsayin reshe mai digiri na biyu da na uku. Inda hakan ya yi nauyi a yanzu, a fara da ƙaramar cibiyar bincike da za ta haɗa malaman ilimi da zamantakewa da lafiyar al'umma da aikin jarida da lissafin ƙididdiga. Ba gini muke nema ba. Ɗaki biyu, kwamfutoci, wutar sola da kuɗin zuwa ƙauye sun isa a fara. A kuma yi amfani da kashi 30 ɗin nan a sa kwas kan yarda da jita-jita, da kwas kan dangantakar ɓangarori, waɗanda za a gina su a kan Kaduna da Maiduguri da Kano.

Ga NUC: a wajabta koyar da dabarun gwaji da ƙididdiga ta zamani ga duk mai digiri a fannin, kuma idan tawagar tantancewa ta zo, ta duba shekarun littattafan da ake koyarwa da su, kada ta tsaya a ƙirga kujeru. A ba jami'o'i shawara su riƙa lissafa maimaita binciken wani, da binciken da ya nuna abu bai yi aiki ba, a cikin ayyukan ƙarin girma. Sanin cewa shiri kaza ba ya aiki yana tsare wa gwamnati kuɗi fiye da rahoton yabo.

Ga TETFund: Asusun Bincike na Ƙasa yana da rukunin ilimin ɗan Adam da zamantakewa. Muna roƙon a ware wani kaso a cikinsa don gwaje-gwajen cikin al'umma, na shekara uku zuwa biyar, domin halayya ba ta nuna sauyinta a wata shida. A ƙara da ƙananan tallafi kai tsaye ga ɗaliban digiri na uku. A ɗauki nauyin samar da ma'aunai da Hausa da Fulatanci da Kanuri, a gwada ingancinsu, tare da sassan harsunanmu da Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero, a ajiye su inda kowa zai ɗauka kyauta. A buɗe ƙofar aiki da jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Yamai, domin al'umma ɗaya da iyaka ta raba, ɗaya ta tashi a tsarin Ingila ɗaya a na Faransa, dama ce ta kwatance da masu bincike a wasu ƙasashe ba su da irinta.

Rediyo ma a sa shi a lissafi. A Ruwanda, Elizabeth Paluck ta bi masu sauraron wani wasan kwaikwayon rediyo kan sulhu tsawon shekara guda, ta tarar bai sauya abin da mutum ya yi imani da shi ba, amma ya sauya abin da yake ganin jama'a sun amince da shi, har ya shafi yadda ake fitowa a faɗi saɓanin ra'ayi a taro. Mu da rediyo yake rataye a wuyan manomi da makiyayi, ga Kannywood a kowane gida, ana ta kashe kuɗi a shirye-shiryen faɗakarwa ba tare da an auna ko suna taɓa kowa ba.

Roƙo na ƙarshe ya shafe ku duka. Duk mai zuwa daga waje ya yi bincike da sunan haɗin gwiwa da jami'armu, a sa masa sharaɗi: kwafin bayanan ya zauna a nan, malamanmu su shiga tun daga tsara tambaya har rubutu, kada a tsaya a ɗaukar yaranmu aikin cike fom a biya su kuɗin yini. A kuma koma wa mutanen da aka yi binciken a kansu a faɗa musu abin da aka gano da harshensu. Sannan kowace jami'a ta kafa kwamitin ɗa'ar bincike da ya san aikin zamantakewa, ba na asibiti kaɗai ba, wanda zai tabbatar cewa matar da ke sansanin gudun hijira ta san tana da ikon cewa a'a, kuma ƙin amsawarta ba zai taɓa rabon abincinta ba.

Mun riga mun tsara daftarin kwasa-kwasan da kiyasin abin da ƙaramar cibiya za ta ci a shekarar farko. Duk kwamitin majalisar dattawa ko ofishin da ya ba mu lokaci, za mu zo mu gabatar, mu amsa tambayoyi.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin tsangayar ilimi, a madadin abokan aikinsa da ɗalibansu.